Yadda Ƙungiyar Matasa a Arewacin Kamaru Za Ta Nemi Lambar Yabo da Tafiyar Horaswa

Idan aka fitar da sunayen matasan Kamaru da aka ɗauka zuwa wani taro a waje, ko waɗanda aka ba lambar yabo ta shugabanci, sau da yawa sai ka bi jerin daga sama har ƙasa kana neman ɗan Garwa ko 'yar Marwa, da ƙyar ka tsinci ɗaya ko biyu. Abin yana damuna ƙwarai, domin aiki kam muna yi. Samarin unguwanninmu ne ke yashe magudanan ruwa kafin damina, su ne ke bi gida-gida suna tara wa marar lafiya kuɗin asibiti. 'Yan matanmu suna koyar da ƙannensu karatu da yamma, ba wanda ya ba su ko sisi. Idan ruwa ya ci gari, kamar yadda ya faru a Yaguwa a 2024, matasa ne ke kan gaba wajen kwashe mutane da kaya.

Wajen takarda ake barinmu a baya. Kwamitin da ke zaɓe yana zaune a Yawunde ko Landan ko Washinton, bai taɓa taka unguwarku ba, kuma ba zai zo ba. Abin da kuka rubuta da hujjar da kuka haɗa masa, su kaɗai zai gani. Shi ya sa shirin neman irin wannan dama yake farawa shekara guda kafin a buɗe fom. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardun kanka tukuna

Fara da takardar haihuwa, domin a kanta aka ɗora sauran duka: katin ɗan ƙasa, takardar shaidar ɗan ƙasa, fasfo. A jihohinmu uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, akwai matasa da yawa da ba a yi musu ita ba tun suna jarirai. Idan kana cikinsu, hanyar ita ce ka bi ta kotu a yi maka hukuncin da ake kira jugement supplétif, sannan ka kai shi ofishin magajin gari a rubuta maka takardar. Wannan yana cin watanni. Wanda ya bari sai an gayyace shi tafiya sannan ya tashi nema, jirgi zai tashi ya bar shi a harabar kotu.

Idan kana da ita, ɗauko ta ka jera ta da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta a kan tabarma, ka karanta sunanka harafi-harafi. A nan ne matsalarmu take ɓuya. A wata takarda an rubuta Aboubakar, a wata Aboubacar. Wani Ousmanou ne a takardar haihuwa, Ousmane a takardar jarrabawa. Wani kuma sunan mahaifinsa ne a gaba a nan, a can kuma yana baya. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin ofishin jakadanci yana iya ɗaukarsu mutum biyu. Rubutun da ke kan takardar haihuwa shi ne asali. Da shi za ka cike kowane fom, da shi za ka buɗe adireshin imel, kuma idan wata takarda ta saɓa masa ka nemi gyara tun yanzu. Haka ma ranar haihuwa.

Takardar shaidar rashin laifi, wato casier judiciaire mai lamba 3, kada ka yi ta da wuri, wata uku kawai take aiki. Sai an tambaye ka.

Ƙungiya ta samu rasit

Ƙungiyoyinmu da yawa suna da suna, suna da riguna, suna da zauren WhatsApp, amma hukuma ba ta san da zamansu ba. Gasa da yawa ba sa karɓar irin wannan ƙungiya. Dokar da ta tsara al'amarin ita ce mai lamba 90/053 ta ranar 19 ga Disamba 1990, kuma ba ta da wahala. Ku kira babban taro, ku amince da kundin dokokin ƙungiya, ku zaɓi shugabanni, sakatare ya rubuta rahoton zaman. Sannan ku rubuta takardar sanarwa mai ɗauke da sunan ƙungiya, manufarta, mazauninta, da sunayen shugabanni da sana'arsu da inda suke zaune. Ku haɗa da kwafi biyu na kundin dokokin ku kai ofishin perefe, wato babban jami'in mulki na yankin da mazauninku yake: Benuwe ga 'yan Garwa, Diyamare ga 'yan Marwa, Vina ga 'yan Ngaundere. Abin da za a ba ku shi ne récépissé, wato rasit ɗin rajista. Dokar ta ce idan perefe ya yi wata biyu bai ce komai ba bayan an ajiye dosiye, shirunsa ya zama amincewa. Saboda wannan, ranar da kuka kai takardun ku roƙi a buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku, ku adana shi da kyau.

Da rasit ya fito, ku ɗauki kwafi ku kai wa wakilin ma'aikatar matasa da tarbiyyar 'yan ƙasa, MINJEC, na gundumarku, wato delege, ku kuma yi rajista da reshen Majalisar Matasa ta Ƙasa, CNJC, na ƙaramar hukumarku. Sanarwar gasa da neman sunayen waɗanda za su wakilci yanki ta waɗannan ofisoshi suke saukowa, kuma delege yana kiran waɗanda ya san fuskarsu ne. Ku riƙa leƙa cibiyar horar da matasa ta CMPJ mafi kusa da ku, ko da babu abin da kuke nema.

Littafin sakatare

A nan nake so ku fi ba da ƙarfi, domin a ganina wannan littafi shi ke cin gasa. Ku sayi babban littafin rajista mai tauri, ku damƙa wa wanda ya fi kowa natsuwa a cikinku, ko da ba shi ya fi iya magana ba. Duk aikin da aka yi, a rubuta shi a ranar, kafin a watse.

Ga yadda shafi ɗaya zai kasance, a misali. A sama kwanan wata da wurin: layin bayan kasuwa, daga masallaci zuwa gada. Sai aikin: yashe magudanar ruwa. Sai mutanen da suka fito: maza nawa, mata nawa, da takardar da kowa ya sa hannu a kai an maƙala ta da shafin. Sai abin da aka kashe da inda kuɗin ya fito: baro biyu aro daga mai unguwa, safar hannu da kuɗin karo-karo, ruwan sha wani ɗan kasuwa ya bayar. Sai sakamako a abin da ake iya aunawa: tsawon magudanar mita kaza, amalanke kaza na shara. A ƙasa jauro ko mai unguwa ya sa hannu. Minti goma ya isa a gama wannan, amma bayan shekara guda kuna da shafi talatin ko arba'in da babu wanda zai musa.

Hoto ma yana da ƙa'ida. Hotunan da muka fi ɗauka su ne na shugabanni a jere cikin manyan riguna gaban allon ƙungiya, kuma waɗannan ba sa nuna wa kwamiti komai. Ku ɗauki wurin kafin aiki, ku ɗauki mutane suna cikin aiki, ku ɗauki wurin bayan an gama, daga kusurwa ɗaya. Idan bishiya kuka dasa, ku koma bayan zafin Maris da Afrilu ku ƙirga waɗanda suka rayu. Ƙungiyar da ta ce ta dasa dogon yaro 200, 120 suka rayu, kuma ta gano akuyoyi ne suka cinye sauran shi ya sa bana ta yi musu shinge, ta fi burge kwamiti a kan wadda ta ce ta dasa 1,000 ta yi shiru. Yara kuwa, kada a ɗauki fuskarsu sai da yardar iyaye, haka ma marasa lafiya da 'yan gudun hijira. Taimakon da kuka yi wa mutum bai ba ku ikon yaɗa hotonsa ba.

Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa. Duk wata a tura hotuna da hoton shafukan littafin zuwa imel ɗin ƙungiya, kuma mutum biyu su san lambar sirrinsa. Ma'aji shi ma ya riƙe nasa littafin da rasit-rasit.

Ƙofofin da ake bugawa, da lokacinsu

Ku fara da na gida. Ranar Matasa ta ƙasa ita ce 11 ga Fabrairu, kuma kwanakin da ke gabanta cike suke da gasa, baje kolin ayyuka da raba takardun yabo, daga gunduma har jiha. Tun Disamba ya kamata ku je wurin delege ku tambayi abin da aka tsara da yadda za ku shiga. Akwai kuma 12 ga Agusta, ranar matasa ta duniya, da 1 ga Nuwamba, ranar matasan Afirka, da 5 ga Disamba, ranar masu aikin sa kai. Kada ku raina takardar yabo mai hatimin su-perefe, wato jami'in mulki na gunduma, ko magajin gari. Ita ce ke nuna wa na waje cewa mutanen gida sun shaida aikinku.

A waje, Kamaru tana da sa'ar da ƙasashe kaɗan suke da ita: tana cikin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, tana kuma cikin Commonwealth tun 1995. Lambar yabo ta matasan Commonwealth ta 'yan shekara 15 zuwa 29 ce, waɗanda suka yi fiye da wata goma sha biyu suna aikin ci gaban al'umma. Ɗan Kamaru ya taɓa cinye ta gaba ɗaya: Achaleke Christian Leke, a 2016, saboda aikinsa na zaman lafiya da yaƙi da tsattsauran ra'ayi a tsakanin matasa. 'Yan'uwanmu na tsallaken kogi a Njamena ba su da wannan ƙofa, tunda Chadi ba ta cikin Commonwealth, amma sauran da zan ambata sun shafe su.

Shirin Mandela Washington na gwamnatin Amurka ya fara a 2014, na 'yan shekara 25 zuwa 35 ne, an saba yin mako shida a wata jami'ar Amurka a ɗaya daga fannoni uku: kasuwanci, hidimar al'umma, ko gudanar da aikin gwamnati. An saba buɗe fom ɗinsa wajen Agusta a rufe a Satumba, kuma sai mai jin Ingilishi sosai. Shirye-shiryen gwamnatoci suna canzawa da canjin kasafi, don haka a shafin ofishin jakadancin Amurka da ke Yawunde za ka tabbatar ko ana yin sa a shekarar da kake nema. Idan aikin ƙungiyarku ya karkata ga sana'a, gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe nata fom ranar 1 ga Janairu, tana ba da horo da jarin dalar Amurka 5,000, kuma ana iya cikewa da Faransanci, har da Larabci.

Shawarata ita ce ku zaɓi biyu ko uku a shekara, ɗaya na gida, ɗaya ko biyu na waje. Ku karanta sharuɗɗan sau biyu kafin ku taɓa fom: shekaru, harshe, ko mutum ake nema ko ƙungiya, ranar rufewa. Idan shekarunka sun wuce da wata ɗaya ma, bar shi, nemi wani.

Wa za a tura?

Wannan tambaya ta rusa ƙungiyoyi da yawa. Idan ba a tsara ba, kullum shugaba ne ke tafiya, sauran su yi ta ɗaukar shebur suna kallo, har zuciya ta ɓaci. Ku zauna tun kafin wata dama ta zo ku rubuta ƙa'ida a littafi: wanda zai wakilci ƙungiya sai ya cika sharuɗɗan gasar, sai ya halarci akasarin ayyukan shekara, kuma wanda ya tafi bara zai taimaka wa wani bana. A yi zaɓen a gaban kowa.

Ku sa 'yan mata a gaba da gaske. Sau da yawa su ne ke riƙe da ajin yamma da asusun taimako, amma idan maganar tafiya ta taso sai a ce ai ba za a bar su a gida ba, tun ba a tambaya ba. A tambaya. Wanda karatunsa na allo ne da Islamiyya, ko makaniki, ko mai ɗinki, shi ma kada a cire shi. Lambobin yabo da yawa aiki suke dubawa, ba digiri ba.

Rubutun kansa

Tambayoyin kusan iri ɗaya ne ko'ina: wace matsala ka gani, me ka yi, me ya canza, wace wahala ka sha kuma yaya ka fita, me za ka yi idan ka dawo. Kwafe su a takarda ka fita daga intanet. Ka fara amsa su da baki, da Hausa, kana naɗar muryarka a waya kamar kana ba abokinka labari. Abin da ya fito daga bakinka a nan ya fi abin da za ka ƙirƙira gaban kwamfuta rai. Daga nan ka rubuta shi, sannan ka mayar da shi Faransanci ko Ingilishi.

Ga irin abin da kwamiti ke karantawa sau ɗari a rana: "Ni matashi ne mai kishin al'umma, burina shi ne in kawo sauyi a Afirka." Babu abin da wannan ya faɗa game da kai. Kwatanta shi da wannan, wanda na tsara a matsayin misali: "A unguwarmu yara da yawa ana hana su zana jarrabawar kammala firamare saboda ba su da takardar haihuwa. Na bi makarantu uku na rubuta sunayen yara 64. Na shawo kan mai unguwa ya kira iyayensu, muka tara takardun da kotu ke bukata, na riƙa raka su rukuni-rukuni. Yara 41 sun samu takarda kafin rufe rajista. Sauran 23 iyayensu ba su da katin ɗan ƙasa, su ne aikinmu na bana." Duk lambar da ka sa a naka rubutun ta fito daga littafin sakatare. Kada ka ƙara ko ɗaya, domin a hira za a tambaye ka, kuma ƙari yana fitowa fili.

Akwai abin da tarbiyyarmu ke jawo mana a nan. An koya mana kunya, an hana mu yabon kai, saboda haka sai mu yi ta rubuta "mun yi, mun je, mun tara". Wannan hali ne mai kyau a zaure. Amma lambar shugabanci mutum ɗaya ake ba, kuma mai karatu yana son ya san wane ɓangare ne naka. Faɗin abin da ka yi da hannunka shaida ce kawai, ba alfahari ba. Rubuta "na" inda kai ka yi, "muka" inda tare aka yi, ka ambaci gudummawar sauran da gaskiya.

Idan an tambayi alaƙar aikinka da muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗauki ɗaya ko biyu da suka dace da gaske, kamar na 4 a kan ilimi ko na 13 a kan sauyin yanayi. Wanda ya lissafa takwas bai yi tunani a kan ko ɗaya ba. Tambayar abin da za ka yi bayan dawowa kuwa, amsa ta da abin da za ka iya yi cikin wata shida da kuɗin da ƙungiya ke iya samu.

Kiyaye adadin kalmomin da aka ƙayyade. Ka ba malamin Faransanci ko na Ingilishi ya duba maka nahawu, amma ka roƙe shi kada ya sake maka labarin. Kada ka kwafi rubutun wanda ya taɓa cin gasar, kada kuma ka bari manhajar kwamfuta ta rubuta maka daga farko har ƙarshe. Ranar hira za a ji bambancin bakinka da takardarka.

Masu ba da shaida

Yawanci ana neman wasiƙa ɗaya ko biyu. Muna son mu ruga wurin babban mutum, ɗan majalisa ko wani mai sarauta a fadar lamiɗo, alhali bai san aikin ba, sai ya rubuta layi uku na gama-gari. Shugaban makarantar da kuka yi wa aiki, ko shugabar cibiyar lafiya, ko delege da ya halarci ayyukanku, wasiƙarsu ta fi nauyi domin za su faɗi abin da suka gani da ido. Ka je da kanka, mako uku kafin rufewa, ka gaisa yadda ya kamata, ka ce: "Malam, wata dama ce ta samu, ana neman shaidar wanda ya san aikinmu, shi ne na ce ba wanda ya fi ku sani." Ka bar masa shafi ɗaya mai bayanin gasar, ayyukan da kuka yi tare da kwanakinsu, da ranar da ake bukatar wasiƙar. A sa hannu, a buga hatimi, a rubuta lambar wayar da yake ɗauka.

Turawa da hira

Ka sa wa kanka ranar rufewa kwana uku kafin ta gaskiya. Kowa ya san yadda wuta ke ɗaukewa a lokacin zafi da yadda intanet ke tsayawa daidai lokacin da ake bukatarsa. Duba ma da agogon wace ƙasa aka ƙayyade lokacin. Yi wa takardu sikan mai kyau a shagon intanet, a mayar da su PDF, kowace da suna bayyananne. Bayan ka tura, ɗauki hoton shafin da ya nuna an karɓa. Ka riƙa buɗe imel kullum, har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, domin wani lokaci kwana biyu ko uku kawai ake ba mutum ya amsa gayyata.

Hira tana iya kasancewa a Yawunde ko ta bidiyo. Sake karanta abin da ka tura. Ka sa mutum biyu daga ƙungiya su yi maka tambayoyi cikin harshen da za a yi hirar, su matsa maka. Idan ta bidiyo ce, cika waya da caji, sayi isasshen data a layi biyu, nemi ɗaki mai haske da shiru. Idan ba ka gane tambaya ba, ka ce a maimaita.

Wata magana da ba na so ta wuce ku: gasa ta gaskiya ba ta karɓar kuɗin fom ta Orange Money ko MoMo zuwa lambar wani mutum. Idan saƙo ya zo a WhatsApp cewa an zaɓe ka zuwa taro a Kanada alhali ba ka nema ba, kuma ana so ka tura kuɗin rajista ko na biza yau-yau, damfara ce. Kai saƙon wurin delege ko ka duba shafin ofishin jakadancin ƙasar kafin ka fitar da ko sefa ɗaya.

Idan an ɗauke ka

Karanta wasiƙar gayyata da kyau ka gane abin da suka ɗauka da abin da ya rage a kanka. Sau da yawa ana biyan jirgi da masauki da abinci, amma fasfo da hanyar zuwa Yawunde naka ne. Fasfon Kamaru sefa 110,000 ne tun 2021, ana fara rajista da biya ta intanet, sannan a je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Kuɗi ne mai yawa ga ɗalibi, shi ya sa nake ba ƙungiyoyi shawara su buɗe ƙaramin asusu na tafiya tun farkon shekara. Ka nemi katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, kuma a yi allurar aƙalla kwana goma kafin tashi. Wanda bai kai shekarun girma a doka ba sai da takardar izinin iyaye da hukuma ta tabbatar.

Lissafa hanya da sarari. Daga Marwa mota ce zuwa Garwa, daga nan zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare wanda ke kai ka Yawunde washegari. Ka isa kwana biyu kafin ranar biza. Mafi yawanmu ba ma rasa ɗan'uwa ko abokin uba a unguwar Birketeri, a sanar da shi da wuri. Takardun asali su kasance a jikinka cikin leda, kwafi a jaka.

Iyaye kuwa, tun kafin a cike fom ya kamata su sani, musamman idan mace ce, kuma idan matar aure ce maigidanta. Kada yarinya ta je ita kaɗai da wannan magana. Uban ƙungiya, dattijon da mahaifinta ke ganin girmansa, ya tafi tare da wata babbar mace da gidan suka sani. Bayan gaisuwa sai ya ce: "Alhaji, izini muka zo nema, ba sanarwa muka kawo ba. Aikin da 'yarku ta yi wa unguwa ne ya sa aka gayyace ta." A ajiye wasiƙar a gabansa a fassara masa layi-layi: wa ya gayyata, kwana nawa, ina za ta kwana, mata da maza a rabe suke ko a'a, wa zai tarbe ta, ranar dawowa da ke kan tikiti. Zai tambayi salla da abinci, kuma tambaya ce mai kyau. A rubuta wa masu shirya taron tun da wuri a nemi amsa a rubuce, sun saba da irin wannan. Idan ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara, a ba shi, a kuma koma a ranar da ya sa.

Ka dawo ranar da aka ce ka dawo. Wanda ya ɓace a can ya rufe ƙofa ga na bayansa, ƙungiyarsa da garinsu duka.

Bayan dawowa, ko bayan an ce a'a

Cikin mako biyu da dawowa ka tara 'yan ƙungiya ka koya musu abin da ka koyo, ka rubuta rahoto na shafi biyu ka kai wa delege da waɗanda suka rubuta maka shaida, ka je ka gode wa iyaye da dattawan da suka tsaya. Kwafin takardar yabo ya shiga fayil ɗin ƙungiya. Idan kyautar ta zo da kuɗi don aiki, a sanar da adadin a taro, ma'aji ya rubuta.

Idan ba a ɗauke ka ba, kada ka goge komai. Masu nema suna da yawa, gurbi kaɗan ne, kuma akwai waɗanda sai a karo na biyu ko na uku suke samu. Rubuta wa masu gasar gajeren saƙo na godiya ka tambayi inda za ka gyara, wasu suna amsawa. Ajiye amsoshinka a fayil ɗaya, duk wata uku ka sabunta lambobin daga littafin sakatare. Idan ka riga ka yi fasfo, shekara biyar yake aiki, amma ƙasashe da yawa ba sa ba da biza idan abin da ya rage masa bai kai wata shida ba, saboda haka ka duba ranar ƙarewarsa kafin ka cike fom na gaba.